Shekarar da Yaya Sale Ya Ɗauke Min Ƙafa

Kun sha tambayata abin da ya shiga tsakanina da kawunku Sale a shekarar nan da ya daina zuwa gidanmu, ni kuma na sha kawar da zancen. Ke Zainab kai tsaye kike tambaya. Kai kuwa Mahmud sai ka ce wai matarka ce take son sani. Na san abin da kuka ji a hara, wato unguwarmu: wai na samu takardar hukuma na ɗaga kai, na ƙi gyara auren ɗan yayana alhali ina gyara na bare. Yanzu Allah ya yi wa Yaya Sale rasuwa, ni ma ƙafata ta fara nauyi, gara ku ji daga bakina. Amma tun yanzu ina gaya muku, abin da dangi suka riga suka sani zan faɗa, da abin da ya shafe ni ni kaɗai. Akwai inda zan tsaya.

A unguwar Mansur aka haife ni, a tsohon gidan nan na bayan masu tsire. Babanmu da ƙafa ya taso daga ƙasar Kano, ya yi shekaru yana aikin auduga a Sudan kafin ya tsallako teku zuwa nan ƙasa mai tsarki, kuma har ya koma ga Allah bai daina cewa "in na koma gida" ba. Mu biyu muka rayu cikin 'ya'yansa, Yaya Sale da ni, ya ba ni shekara bakwai. Shi yake raka ni madarasa. Shi ya tsaya a gaban Baba ya ce a bar ni in shiga makarantar horon malamai. Shi ne kuma waliyyina ranar da aka ɗaura aurena da babanku. Na faɗi wannan ne don kada wani cikinku ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka mugun mutum ne. Innarmu kuwa ita matan hara suke kawo wa kuka. In miji da mata sun saɓa, a tabarmarta ake zama. Da ta rasu ba wanda ya naɗa ni, ba wanda ya tambaye ni, kawai na wayi gari mata suna cire takalmi a ƙofata.

Shekara talatin na yi ina koyar da 'yan mata a firamare, shi ya sa har tsofaffi Abla Rabi suke ce min, wato Malama Rabi. Da safe aji, da la'asar majalisina, ɗakin da nake karɓar baƙi. Bayan babanku ya rasu, na kuma yi ritaya, sai abin ya koma kusan kullum. Hanyata ɗaya ce, irin ta Inna. A zuba gahawa, a miƙa dabino, in bar mace ta fara magana, da na ji inda ta dosa sai in tare ta. In tuna mata 'ya'yanta, in tuna mata iyayenta, in ce ta yi haƙuri. In aika a kira mijin, in yi masa faɗa ta bayan labule yadda nake wa ɗalibai, ya ce ya ji ya tuba. Su tafi tare, ni kuma in wanke kofuna ina jin na yi aikin lada. Ban taɓa bin sawun wata in ga halin da take ciki bayan wata shida ba. In ba ta dawo ba, a wurina an shirya ke nan.

A shekarar da aka fara barin mata su yi tuƙi, bayan ƙaramar Sallah, ke Zainab kika kai ni asibiti a motarki, ina riƙe da ƙofa ina salati a kowace kwana. A hanyar dawowa ta unguwar Aziziyya kika nuna min wani bene mai ƙofar gilashi.

"Ummi, kin ga can? Cibiyar sulhun iyali ce. Kotu take turo musu ma'aurata kafin a kai ga alƙali. Suna neman mata masu sulhu."

"To, Allah ya taimake su. Kalli gabanki."

"Ke nake nufi. Za a yi daura, wato kwas, a yi jarrabawa, a ba ki shahada, takardar shaidar ƙwarewa. Abin da kike yi a majalisi ne, sai dai wannan da hatimi."

"Ni za a koya wa sulhu? Tun ba a haife ki ba nake yin sa."

"To ai sai ki je ki koya musu."

Kin san inda kika taɓa. Gaskiya ita ce girman kai ne ya fara kai ni wurin. Amma akwai wani abin da ya daɗe yana damuna. Duk alkawarin da namiji ya ɗauka a majalisina, a iska yake tafiya. Na ga wanda ya rantse a gabana zai bar tsohuwar matarsa ta riƙa ganin 'ya'yanta, mako biyu bai cika ba ya rufe ƙofa, kuma ba ni da abin da zan nuna wa kowa. Da na ji cewa yarjejeniyar da aka rubuta a cibiyar tana da ƙarfi a gaban alƙali, sai na ce bari in gwada.

Ba shiga kawai ake yi ba. Sun nemi shaidar digiri, kuma a nan na sake yi wa babanku addu'a, don shi ya matsa min na yi karatun jami'a daga gida ina koyarwa, ina goyon Mahmud, ina cewa me zan yi da shi. Sun nemi takardar da ke nuna ba a taɓa kama ni da laifi ba. Na yi dariya ranar da na je karɓar ta, tsohuwa da sanda tana neman shaidar ita ba ɓarauniya ba ce. Bayan haka akwai daurar kanta ta makonni, sai jarrabawa a rubuce, sai ganawa da kwamiti ido da ido, sai kuma zaman gwaji, inda za ki yi sulhu na gaske wata babba tana zaune tana kallonki. Sai an gama duk wannan ake sa sunanki cikin waɗanda aka amince da su.

Ni ce mafi tsufa a ajin. Mai koyar da mu Duktura Amal ce, mace siririya mai magana a hankali, wadda a shekaru ba ta wuce ɗalibaina na farko ba. Da Larabci ake komai, amma zan faɗa muku da Hausa yadda ya zauna a raina. A mako na biyu ta ce za a yi kwaikwayo. Ta ba wata ɗaliba takarda ta zama mata, wata ta zama miji, ta ce Abla Rabi ta zo ta sulhunta su tunda ta fi kowa daɗewa a harkar. Na gyara mayafi na zauna. Matar ta fara magana, na ji inda ta dosa, na tare ta. Na yi mata nasiha mai daɗi, na juya na wanke mijin tas, na haɗa hannuwansu. Wasu ɗalibai har tafi suka yi. Duktura Amal ba ta tafa ba.

"Abla Rabi, me matar take so?"

"Tana son a zauna lafiya."

"Ita ta faɗa miki?"

Na sunkuyar da kai, ita kuma ta ci gaba.

"Ni na rubuta mata labarin. Ba saki take nema ba. Mahaifiyarta ce kwance ba lafiya a Jidda, mijin ya hana ta zuwa jinya. Sau uku ta ɗauko zancen, sau uku kika katse ta. Yanzu ta koma gida, uwar tana can, kuma an gaya mata ita ce mara haƙuri."

Ta faɗe shi ba tsawa, ba raini. Sannan ta ƙara da cewa:

"Kin yi hukunci, kin yi wa'azi, kin yi faɗa. Duk ukun kin iya su sosai. Amma ba ko ɗaya daga ciki da ya zama aikin mai sulhu. Maganar tasu ce, matsayar ma tasu ce. Naki shi ne ki riƙe ɗakin har kowa ya faɗi abin da ya kawo shi."

Kwana biyu ban koma ba. Na ce muku ciwon gwiwa ne, ba shi ba ne. Ina zaune a majalisin nan fuskoki suna zuwa min ɗaya bayan ɗaya, matan da suka buɗe baki na rufe musu shi da dabino. Na yi ta ƙoƙarin tuna abin da kowacce ta zo da shi, sai na tarar abin da ni na faɗa musu kawai nake tunawa. A rana ta uku na ce Zainab ta fito da mota.

Daga nan na zama ɗaliba ta gaske. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne shiru. Sai na riƙa ɓoye carbi a ƙarƙashin tebur, ba na buɗe baki sai na ja goma. An koya mana a fara ganin kowa shi kaɗai kafin a haɗa su. An koya mana a tambayi mace a keɓe ko tana tsoron komawa gida, in kuwa akwai duka ko barazana, wannan ya wuce teburin sulhu, akwai inda ake miƙa shi. Ni da na yi shekaru ina mayar da mata ɗakunansu ban taɓa yin wannan tambayar ba ko sau ɗaya. An koya mana a maimaita wa mutum abin da ya faɗa har ya ce e, haka nake nufi. An koya mana cewa ba kowane sulhu ne yake ƙarewa da komawa ɗaki ɗaya ba, wani sulhun rabuwa ce ta mutunci, a san inda yara za su kwana da ranar da uba zai gan su. Ba a karɓar kyauta, ko kwalbar turare ce. Ba a tsoratar da kowa don ya sa hannu. Lokacin aikin Hajji aka ɗaga karatu saboda Aziziyya ba ta shiguwa don cunkoson alhazai, na zauna a gida ina bitar littattafaina kamar 'yar sakandare. Na ci jarrabawa, na wuce kwamiti. Kafin zaman gwaji aka ba mu takardar alkawari. Abu biyu ne manya a cikinta: abin da aka faɗa a ɗakin sulhu ba ya fita, kuma ba a sulhunta dangi na kusa. Na karanta, na sa hannu, ban ji wani nauyi ba.

Yanzu sai in kawo muku Hindatu. Kun san ta matar Faisal ce, ɗan Yaya Sale tilo namiji, wanda na goya a bayana kafin in haifi ɗayanku. Ita 'yar unguwar Kudai ce, iyayenta mutanen Damagaram, masu zama da iƙama, takardar izinin zaman baƙi, ba su da kowa a nan sai Allah. Shekara tara suna tare, da yara uku. Abin da ba ku sani ba shi ne sau biyu ta zo majalisina a shekarun baya. Na farko ta ce, "Gwaggo, akwai abin da yake damuna game da Faisal," na ce duk maza haka suke, ta yi haƙuri. Na biyu ta zo idanu a kumbure, na ce ta dubi yaranta. Duk biyun ban bar ta ta kai ƙarshen magana ba.

Bayan alhazai sun watse, hanyoyi sun yi sarari, ina cikin zaman gwajina. In an samu masu son a yi musu da Hausa, ni ake ba wa. Wata safiya aka ce akwai wata da ta nemi mai jin Hausa. Lamba ce kawai a jadawalin, malafin, wato fayil ɗin maganar, yana hannun Duktura Amal, ita kuma waya ta tsare ta a ofis. Ina zaune ni kaɗai aka turo ƙofa. Mace ta shigo, ta ɗaga niƙabi.

"Gwaggo?"

Ita ma ba ta san ni za ta tarar ba. Na yunƙura zan tashi, ta riga ni, ta durƙusa ta kama gwiwata.

"Hindatu, dakata. Bai kamata in ji ba, bari in kira..."

"Sau biyu kina ce min in dakata, Gwaggo. Yau ba zan dakata ba."

Ta faɗa. Bai kai minti biyu ba. A nan zan tsaya, kuma kada wanda ya yi ƙoƙarin cike gurbin da zato, don duk abin da kuka zata ba lallai ya zama shi ba.

Zan gaya muku abin da ya zo min a zuciya, don ba na son ku ɗauke ni waliyyiya. Rabinmu a garin nan da "Hausawi" sunanmu yake ƙarewa a takarda, don haka suna ba ya nuna dangantaka. Duktura Amal ba za ta taɓa gane cewa Faisal ɗan yayana ba ne. Na ce a raina in na riƙe malafin nan zan lallaɓa, in rufa wa yaron asiri, in kwantar da ita, yara su tashi a gidan ubansu, Yaya Sale ya kwana da farin ciki. Har na fara tsara kalmomin da zan fara da su. Sai na ji su a kunnena, na gane su ne dai kalmomin da na faɗa mata sau biyu a baya. A lokacin na san cewa duk zuwan da ta yi wurina, gwaggon mijinta ta tarar, ba mai sulhu ba.

Da Duktura Amal ta shigo, na miƙe na ce mijin wannan baiwar Allah ɗan yayana ne, yayan da muke uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ta riga ta yi magana na ji. Ta dube ni, ta dubi Hindatu, ta rufe malafin.

"Za a ba wa wata. Abin da kika ji kuwa, Abla, na ɗakin nan ne. Ba na yayanki ba ne, ba na 'ya'yanki ba ne, ba kuma naki ba ne."

Hindatu ta juyo gare ni da Hausa.

"Kin sake korata ke nan?"

"Ba korar ki nake ba, 'yata. Ni na goya Faisal. Ko na rantse zan tsaya a tsakiya, zuciyata za ta zame wajensa ban sani ba. Kin cancanci wadda za ta ji ki har ƙarshe, ba ta da kowa a cikinku."

Ta sauke niƙabinta, ta bi Duktura Amal.

Ranar Juma'a bayan la'asar Yaya Sale ya zo kamar yadda ya saba, da tsire a takarda. Ban san wanda ya gaya masa an gan mu a bene ɗaya ba, hara ba ta rasa ido. Ya zauna a inda yake zama, na zuba masa shayi, bai taɓa ba.

"An ce maganar yaran nan a hannunki ta faɗa, kika mayar."

"Yaya, ba zan iya magana a kan abin da ya faru a can ba."

"Ni ne fa, Rabi."

"Na sani, Yaya."

"To, bar batun ofis. Halas, shi ke nan. Aika a kira Hindatu nan gidan, ki yi mata magana yadda Inna take yi. Tana jin maganarki."

"Don tana jin maganata ne ba zan yi ba. In na ce ta koma za ta koma, ko tana so ko ba ta so. Maganarsu tana hannun wadda ta san aikinta. A bar su su gama."

Da ya sake magana muryarsa ta sauka, irin wadda yake min da ita muna yara in na yi kuka.

"Me ta ce ya yi mata? Shi ya ƙi gaya min, ita ta ƙi gaya min. Ke gaya min. In shi ne da laifi, da hannuna zan hukunta shi. In ba ki faɗa ba, zan ɗauka ba komai, ke ce kawai kika zuba ido gidan ɗana ya rushe."

Ban taɓa jin magana ta yi min nauyi a baki kamar ranar ba. Jimla ɗaya ce. Da na faɗe ta, da ya daina ganin laifina nan take. Na dubi furfurarsa, na dubi hannunsa da ya riƙe nawa zuwa madarasa, na ce:

"Ka yafe min, Yaya. Na ɗauki alkawari."

"Takarda ta fi ni ke nan."

"Ba takarda ba ce. Amana ce."

Ya tashi, ya sa takalminsa a tsaye, abin da bai saba ba saboda bayansa. Bai yi min sallama ba.

Sauran kun sani. Bayan zama uku da wata mai sulhun, Faisal da Hindatu suka rabu da yardar juna. Aka rubuta yara suna wurin uwarsu, uban yana ɗaukar su ranar Alhamis da yamma ya mayar ranar Asabar, kuma har yau ban ji an saɓa ba. Yaya Sale ya ɗora min duka. Na kira shi, ba ya ɗauka. Na je gidansa, aka ce yana barci, alhali ina jin tarinsa. Kai Mahmud, da aka haifa maka ɗan fari ka sa masa Salihu don kawunka ya huce, muka yi girki na mutum hamsin, muka bar masa wuri a kan gaba, bai zo ba. Na ga yadda kake duban ƙofa duk lokacin da aka yi sallama. Ranar ka ce min, "Ummi, me zai ragu a jikinki in kin ba shi haƙuri kin faɗa masa abin da yake so?" Na ce ka je ka kula da baƙi. Wannan rubutun shi ne amsar da ban ba ka ba.

Shahadar ta fito a cikin wannan tsakanin. Zainab ta so a yi walima, na hana. Na sa ta a aljihun tebur, na ci gaba da zuwa Aziziyya kwana uku a mako. A hara wasu mata suka daina gaishe ni da fara'a, wasu suka ce Abla Rabi ta zama ta hukuma. Majalisina ya yi shiru, don duk wadda ta zo da maganar aure sai in ji ta har ƙarshe, sannan in gaya mata inda za ta je a rubuta, wasu kuma ba haka suke so ba. Ƙaramar Sallah ta zo, na aika wa Yaya Sale dibyaza, kayan zaƙin nan na Sallah, irin wadda yake so, mai yawan busasshen ɗan itacen nan ƙamaraddin. Ba a dawo da ita ba, ba a kuma aiko da godiya ba. Babbar Sallah ma haka.

Ba na nadamar mayar da malafin nan. Nadamata tana kan zuwa biyun da Hindatu ta yi gidana. Da na ji ta a karo na farko, wataƙila da abin bai kai inda ya kai ba, wataƙila kuma da ya kai, Allah ne masani. Na je har Kudai na same ta a gidan iyayenta na roƙe ta gafara. Ta ce ta yafe. Ta kawo min kunun gyaɗa, muka yi hirar makarantar yara, ba wadda ta ɗauko zancen a cikinmu.

Shekara guda da 'yan watanni bayan wannan Juma'ar, wata Talata da hantsi, ina tsince shinkafa aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na buɗe, sai ga Yaya Sale da sanda, ya rame, yana haki saboda matakala. Ya wuce ni ya zauna a wurinsa. Na rasa abin yi, sai na ɗora shayi. Wannan karon ya sha, har ya miƙo kofin na ƙara masa.

"Faisal ya zo min jiya," ya ce. "Ya rufe ƙofa, ya zauna a ƙasa, ya gaya min komai da bakinsa."

Na ci gaba da juya cokali.

"Kin sani tun ranar."

"Yaya, ni ban ce na san wani abu ba."

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari, ya goge idonsa da gefen hiraminsa.

"Shekara guda ina fushi da ke, ina kuma kasa kunne. Na ce dole wata rana in ji maganar ɗana a bakin wani, a masallaci ko a wurin masu tsire. Ban ji ba, ko sau ɗaya." Ya ajiye kofin. "Da kin gaya min ranar nan, Rabi, yadda raina yake, da na kore shi, da ban sake kallon fuskarsa ba. Jiya kuwa shi ya kawo kansa. Na yi masa faɗa, na yi kuka, shi ma ya yi. Da zai tafi na sa masa albarka."

Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban jira ya ce ba. Mun zauna haka, ana jin masu sayar da gas suna buga tukunyar gas a titi. Can ya gyara zama, ya dafa sandarsa.

"Kira min Mahmud. Ki ce ya kawo min takwarana in gan shi. An ce ya fara tafiya?"

"Ya fara, Yaya. Yana faɗuwa yana tashi."

"To ki ce ya yi sauri. Ki kuma ƙara shinkafar nan, a nan zan ci."